Keken kan gadon wanki ko tattaki a gida: amsa ga mai jinyar Baba

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, ku kuma Ya ba ku ladan jinya. Ga waɗanda ba su ga tambayarta ba: mahaifinta ya yi wata takwas ana yi masa wankin ƙoda, sau biyu a mako, kuma tun da aka fara, daga gado sai tabarma, ko masallacin ƙofar gida ya daina zuwa. Ta ga bidiyon wasu marasa lafiya a Turai suna murza feda ana cikin yi musu wanki, shi ne take tambaya ko ta haɗa kuɗi ta sayo irin wannan keken, ko kuwa a bar shi ya riƙa ɗan tattaki a gida.

Ni nas ce, a ɗakin wanki nake aiki. Zan haɗa miki abin da idona yake gani da abin da bincike ya nuna.

Ki yi haƙuri da abin da zan fara faɗa. Wannan "Baba kwanta, Baba kada ka tashi, bari a kawo maka buta" ya fi komai cutar da shi. Na san ƙauna ce ta sa. Amma ciwon ƙoda dama yana cin tsoka, ga ƙarancin jini, ga awa huɗu a kwance duk zuwa. Idan aka ɗora kwanciyar gida a kai, cinya zubewa take yi. Na sha ganin dattijo ya shigo mana da ƙafarsa a watan farko, bayan wata shida sai an kama shi hagu da dama kafin ya miƙe daga kujera.

To, keke tukuna. 'Yar feda ce ake ɗorawa a ƙarshen gado, mutum yana kishingiɗe yana murzawa. Kyawunta a fili yake: awa huɗun nan da ake kallon silin, an ciri rabin awa an yi abin amfani da ita, ma'aikata na kusa, abin awon jini na ɗaure a damtse. A cikin awa biyun farko ake yi, domin can gaba, idan an janye ruwa da yawa, jini kan sauka, ƙafa ta ɗaure. Kuma tana da hujja. A garin Lesta na Ingila an gwada da mutum 130, rabin awa a kowane wanki har wata shida, sakamakon ya fito a 2021: naman zuciya na ɓangaren hagu, wanda ciwon ƙoda kan sa ya yi kauri fiye da ƙima, ya ragu da kusan giram 11 idan aka kwatanta da waɗanda ba su yi ba. Wannan babban abu ne, tun da ciwon zuciya ne kan gaba wajen ajalin masu wankin ƙoda a duniya. A Jamus ma, binciken da ya fito a 2023 ya ɗauki mutum 1,211 a cibiyoyi 21, aka haɗa musu keke da atisayen ƙarfafa tsoka shekara guda. Yawan tashi daga kujera a minti ɗaya ya hau daga 16 zuwa 19, na waɗanda ba su yi ba ya sauka zuwa 15. Kwanan asibiti kuwa, a tsaka-tsaki, kwana 2 a shekara ga masu atisayen, waɗanda ba su yi ba kuma 5.

Sai dai ke ba kaurin zuciya kika tambaya ba, kina so Baba ya dawo mutum cikin mutane. Akwai binciken da ya auna wannan kai tsaye a Birtaniya, sunansa PEDAL, da mutum 335. Bayan wata shida ba a ga wani bambancin a zo a gani ba a yadda suke jin daɗin rayuwarsu. Da aka duba, ko rabin zaman da aka tsara ba a yi ba, wanda aka yi daidai yadda aka ce kuwa bai kai ɗaya cikin biyar ba. Ban yi mamaki ba. Mutum ya zo da haki, an soka masa manyan allurai biyu, jiki ya mutu, barci kawai yake so. Waɗancan na Jamus akwai masu horarwa da aka ware suna tsaye a kansu. Mu a nan nas ɗaya ce ke zagaya injuna, wannan yana ƙara, wancan jininsa ya faɗi.

Ga kuma abin da bidiyon bai nuna miki ba. A ina aka saka wa Baba tiyon da ake janyo jininsa zuwa injin wanki? Da yawa cikin marasa lafiyarmu ta matse-matsi ake yi musu, saboda ta fi araha. Idan haka ne, maganar keke ta mutu gaba ɗaya, ƙafar nan ba a lanƙwasa ta ana wanki. Idan ta wuya ce, ko an haɗa masa jijiyar hannu, to da sauran magana. Sannan keken yana bin wanki ne: makon da kuɗi bai haɗu ba, motsa jikin ma ya tafi.

Yanzu tattaki. A Italiya aka yi binciken da na fi so, ya fito a 2017, mutum 296. Abin da aka ce su yi bai taka kara ya karya ba: tafiyar minti goma sau biyu a rana, a ranakun da ba na wanki ba, a hankali, ana ƙara saurin taku kaɗan-kaɗan. Bayan wata shida, nisan da suke ci a minti shida ya tashi daga mita 328 zuwa 367, na sauran kuwa yana nan inda yake. A tambayoyin jin daɗin rayuwa ba kowane ɓangare ne ya motsa ba, amma biyu sun fito fili: kaifin tunani, da cuɗanya da jama'a.

Wannan na biyun shi ya sa na fi karkata ga tattaki. Akwai wani dattijo da muke yi wa wanki, da can ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa, fuskarsa na kallon bango. Ɗansa ya fara fita da shi daga ɗaki zuwa zaure. Bayan mako biyu, zuwa bakin kwalbati. Sannu ba ta hana zuwa. Wata safiya ya shigo, hula a karkace, ban gama ɗaura masa abin awo ba ya ce, "'Yata, jiya a sahu na yi Magariba." A kujera ya yi ta, amma a sahu. Ranar har muka cire allura yana ba maƙwabcin gadonsa labarin majalisa. Feda ba ta kai mutum majalisa.

Amma tattaki yana da nasa haɗarin, domin babu nas a ƙofar gida. Na farko zafin rana. Zafin bazara yana kawo ƙishirwa, ƙishirwa ta kawo shan ruwa, ruwan kuma ba shi da hanyar fita, sai ƙafa da huhu. Saboda haka bayan Asuba ko dab da Magariba za a fita, idan maƙogwaro ya bushe ya kurkure baki ko ya tsotsi ɗan gutsuren ƙanƙara. Na biyu zaɓen rana. Washegarin wanki ya fi, jiki ya yi sakayau. Ranar wanki idan ya dawo ya huta. Shi da ake yi wa sau biyu a mako, akwai tazarar kwana uku ko huɗu, kuma a ƙarshenta ruwa da sinadarin fotashiyam (wani gishiri ne a jini da wanki ke ragewa) sun taru, to a sassauta. Idan an tsallake wanki, a dakata har sai an yi. Ƙashin mai ciwon ƙoda yana da rauni, faɗuwa ɗaya na iya zama karaya, don haka wani ya riƙa binsa. In yana da ciwon suga, takalmi rufaffe, a duba tafin ƙafa kullum. Ciwon ƙirji, jiri, bugun zuciya barkatai, hakin da zai hana shi magana, ko ƙafafu su saki farat ɗaya: a tsaya, a nufi asibiti.

Da ni ce ke, ba zan sayi keken ba. Kuɗin ki ƙara masa wanki ɗaya da su, ko allurar ƙarin jini, domin wanda jininsa ya yi ƙasa sosai ba keke ba tattaki. A kan gadon wankin ma, in ba tiyon matse-matsi gare shi ba kuma ma'aikata sun yarda, zai iya juya idon sawu ya ɗaga ƙafa ya sauke, ba ko sisi.

Ranar wanki mai zuwa ki tambayi likitansa nawa ne jininsa, yaya zuciyarsa, kuma ko ya amince a fara. In ya amince, ku fara da minti biyar, daga ɗaki zuwa zaure. Ku kuma bar masa butarsa ya ɗauka da kansa, da hannun da ba a haɗa wa jijiya ba.