Mun kai yara rumfar wani baduku a Madunka, ga abin da muka gani

Gafaka ce ta kai mu shiyar Madunka, unguwar dukawa a Sakkwato. Babban yarona ya kusa sauka a islamiyya, kakarsa kuma ta kafe ita dai ba za a saka mashi Alƙur'ani cikin jakar roba ta kasuwa ba, gafakar fata take so irin wadda ta buɗe ido ta ga mahaifinta da ita. To ranar Asabar da hantsi na kwashi yaran su uku da mamansu muka hau agwagwa, wato keke napep, niyyata mu yi ciniki mu juyo, wallahi sai da aka kira azahar muna zaune gaban dattijon nan.

Rumfar ƙarama ce ƙwarai, fatu rataye ta ko'ina, ja da baƙa da ɗorawa, ga tumtum an jera a ƙofa, ga zabira ga kube ga takalma, shi kuma shina zaune bisa buzu da katakon yanka a gabanshi. Autana ɗan shekara 5 yana shiga ya kai hannu kan wata jar fata, na daka mashi tsawa, sai dattijon ya ɗago ya ce "Malam bar shi mana, in bai taɓa ba ina zai san ta?" Wanga magana ita ta sa nake wannan rubutu, don wurare nawa muka shiga da yara mai shago na bin su da harara har sai ka ji ka tsargu ka fita.

Ya jawo wani kwando cike da guntayen fata ya zube masu. Ita ɗiyata macen, da yake tun shigarmu yake kiranta amaryarshi irin wasan kaka da jika, ya yanko mata siraran zare uku na fata ya nuna mata yadda ake kitsa su, da yake ta iya kitson 'yar tsana nan take ta kama, ta yi abin rataya makulli. Babban kuwa basilla ya ba shi ya ce ya huda rami a jere bisa layin da ya zana mashi, ramukan farko duk a karkace, bai karɓe ba bai kuma yi mashi faɗa ba, sai dai ya ce "sake, hannunka na sauri ya fi idonka". Yuƙa dai bai bari kowa ya taɓa ba, tana ƙarƙashin cinyarshi har muka tashi, wannan ya kwantar ma mamansu da hankali.

Yana aiki yana ba su labari, kuma ni kaina na ƙaru. Ya ce baduku ba shi ke jima ba, wannan aikin majema ne, su ke jiƙa fata su cire gashi su tsuma ta cikin ruwan bagaruwa har ta yi laushi, sannan ta iso hannunshi. Jan launin nan daga karan dafi ake samo shi, baƙin kuma da guntayen ƙarfe ake haɗa ruwanshi. Da yaron ya ji an ce fatar jar akuyarmu ta Sakkwato ce fatake ke ɗauka bisa raƙuma su ƙetare Sahara da ita, Turawa su saye ta can Arewacin Afirka su riƙa kiranta fatar Maroko, sai ya ce "to Baba mi ya sa ba su ce fatar Sakkwato ba?" Dattijon ya yi dariya ya ce don a hannun mutanen can suka gan ta. Yaron nan har muka iso gida yana ƙorafin abin.

Gafakar kam ba ni da abin cewa sai sambarka. Ɗinkin hannu ne mai ƙarfi, igiyar ratayawa ninki biyu, cikinta an yi mata shafi da yadi don kada launi ya taɓa takarda. Wata biyu ke nan yaro na jigila da ita safe da marece ko zare bai saki ba. Kuɗin ma bai tsawwala ba in ka duba aikin, amma fa ba farashi a rubuce, sai ka iya ciniki, kuma ya fi son kuɗi a hannu duk da akwai yaronshi da ke karɓar transfa.

Inda ban ji daɗi ba shi ne alkawari. Ya ce mako ɗaya, sai da na yi sawu uku kafin in karɓa, kuma ba wanda ya kira ni ya ce kada in taho, ga rana ga kuɗin abin hawa. Sannan jakar hannu da mamansu ta saya, fatar lafiya lau amma zif ɗin na banza ne, sati biyu ya ɓalle, abin ya ba ni haushi ƙwarai ace aiki mai kyau haka a lalata shi da zif mai arha. Na mayar ya sauya bai karɓi ko kwabo ba, wannan na yaba. Wurin zama ma babu, benci ɗaya ne, mace in ta je za ta ɗan takura, kuma warin fata akwai shi, auta ya yi ta atishawa da farko. Wanda zai kai yara ya je da safe kafin zafin garin nan ya taso, ya riƙe ruwan sha, ya kuma tuna mutumin sana'arshi yake yi, ko ɗan abin makulli ne a saya.

Da za mu tafi ya ƙulle masu sauran guntayen a leda ya ce su je su yi ta gwadawa. Ita macen kuwa tun ranar ta liƙe ma kakarta sai ta koya mata saƙar faifai, tsohuwa ta aika aka sayo kaba, yanzu bayan la'asar kullum suna tsakar gida su biyu. Asabar mai zuwa in sha Allah za mu koma a auna ƙafar auta, takalmin Sallah nake son ya yi mashi, kuma wannan karon da wuri zan ba da aikin.