Liyafar jajibirin sabuwar shekarar Sinawa a wani babban otal na Guangzhou

Shekara shida ke nan ina harkar kayan lantarki a Guangzhou, amma sai a daren 28 ga Janairu, 2025, jajibirin shekarar maciji, na fara zama a teburin da Sinawa ke kira niyanyefan, wato cin abincin da ke haɗa dangi a ƙarshen shekara. Abokin cinikina ne ya gayyace ni da maiɗakina da 'ya'yanmu biyu zuwa wani otal na alfarma a bakin kogin Zhujiang, inda ya kama ɗaki na musamman tun wata biyu kafin ranar, domin mahaifiyarsa ta tsufa, ba ta iya ɗawainiyar girkin mutum goma sha biyu.

Tun daga ƙofa aka tarbe mu da jajayen fitilu da tukwanen ƙananan lemo masu ruwan zinariya, waɗanda mutanen Guangdong, lardin da Guangzhou take, ke ɗauka alamar arziki. An zaunar da tsohuwar a kujerar da ke fuskantar ƙofa, kuma babu wanda ya ɗaga tsinken cin abinci sai da ta fara.

Abin da ya fi damuna kafin mu je shi ne batun halal, kuma a nan otal ɗin ya cancanci yabo. Babban kwanon da suke alfahari da shi, pun coi, ana jera kayansa ne hawa-hawa, kuma a ƙasan akwai naman alade wanda romonsa ke ratsa komai, don haka ba mu kusance shi ba. Shugabar masu hidima ta zo da takarda a hannu, ta nuna mana abin da aka girka mana a tukwane dabam, ba man alade, ba giyar girki: jatan lande, ganyaye, da kifi guda sukutum da aka turara da citta da ganyen albasa. Ita da kanta ta janye kwanon tangyuwan, wato 'yan dunƙulen garin shinkafa masu zaƙi, daga gaban 'yata, ta ce akwai man alade a cikin riɗin da aka cusa. Wannan kulawa ta kwantar mini da hankali ƙwarai. Kifin ya yi taushi, kuma da gangan aka rage saura, saboda a harshensu kalmar kifi da kalmar rara sautinsu ɗaya ne.

Inda na ga gazawa shi ne lokaci. Otal ɗin ya raba daren zama biyu, namu daga biyar da rabi zuwa bakwai da rabi. Ana cikin miƙa wa yara jajayen ambulan na kuɗi, tsohuwar tana riƙe da hannun jikanta tana sa masa albarka, sai ga ma'aikata sun fara kwashe kwanuka domin wani iyalin na jira a waje. Na ga yadda fuskarta ta sauya, kuma abin ya sosa mini rai, domin mutanen da wasunsu suka yi tafiyar yini guda kafin su iso sun fi ƙarfin awa biyu. Ga kuɗin hidima na kashi 15 cikin ɗari da aka ɗora a kan farashin da dama ya yi tsada.

Duk Musulmin da aka yi wa irin wannan gayyata ya sanar da otal bukatarsa a rubuce tun da wuri, ya kuma roƙi mai masaukinsa ya kama zama na biyu, wanda babu wani iyalin da ke jiran teburin bayansa.