Makami mai linzami ne ko jirgin sama?

Ɗan'uwa, ka ce da magariba ka ga wani farin layi ya miƙe sama tsaye, kansa na ƙyalli kamar wuta, kana tambaya ko makami mai linzami aka harba. Ni na fi zaton jirgin sama ne.

Abin da jirgi ke bari a bayansa tururin ruwa ne da ke fita daga injin, ya daskare ya zama ƙanƙara a can sama da kilomita 8, inda sanyi ke kai digiri 40 ƙasa da sifili. Shi ya sa akan ga ɗan giɓi tsakanin jirgin da farkon layin, kuma layin kan fara a biyu ko huɗu, gwargwadon yawan injuna, kafin ya haɗe. Makami kuwa hayaƙinsa manne yake da bakin wutar, guda ɗaya mai kauri, tun daga inda aka harba shi. Ba ya jimawa iska ta karkata shi nan da can kamar tafiyar maciji.

Miƙewar nan tsaye ita ta fi ruɗar mutane, kuma ban ga laifinsu ba. Jirgin da ya doso ka daga nesa a kwance yake tafiya, amma ido sai ya ga kamar hawa yake, yadda dogon titi ke yi idan ka hango shi daga wannan ƙarshen. Ƙyallin kuma hasken rana ne: ta faɗi a wurinka, a can sama ba ta faɗi ba tukuna. Haka aka yi a Nuwamban 2010 a gaɓar tekun Los Angeles. Jirgi mai saukar ungulu na wani gidan talabijin ya ɗauki hoton irin wannan layin, aka yi ta cece-kuce, daga baya ma'aikatar tsaron Amurka ta ce ga dukkan alamu sawun jirgi ne.

Babban alƙali a nan shi ne lokaci. Jirgin fasinja na gudun wajen kilomita 900 a sa'a, sai ka yi minti 10 kana kallonsa yana jan jiki. Babban makami cikin 'yan mintuna man da ke tura shi ke ƙarewa, kuma kana gani gudunsa na ƙaruwa. Idan ya kai inda iska ta yi ƙaranci, hayaƙin ya bazu ya yi faɗi sosai. Da sojojin ruwan Amurka suka gwada makami mai linzami na Trident a tekun Kalifoniya a Nuwamban 2015, haskensa mai shuɗi-shuɗi har jihohin da ke maƙwabtaka da Kalifoniya an gan shi.

To, minti nawa ka yi kana kallon naka? In ka riƙe lokacin da kuma ɓangaren da ka fuskanta, duba manhajar Flightradar24 ka ga jirgin da ya ratsa wurin a daidai sa'ar. Jiragen soja dai ba duka suke fitowa a cikinta ba.