Uwa ko reshe? Wata uku da mataimakin AI a shagona na Tudun Wada

Shagona yana Tudun Wada, ba nisa da Kasuwar Barci. Buga takardu nake yi, da cike wa mutane fom a intanet. Abu biyu suka sa na nemi mataimakin ƙirƙirarriyar basira, wato AI, da zai zauna cikin kwamfutata ya yi aiki ba sai da intanet ba: tsadar data da amanar mutane. Idan dattijo ya kawo takardar sayen fili ko ta rabon gado a gyara masa Turanci, hankalina ba ya kwanciya in tura ta wata uwa duniya da ban san ko hannun wa za ta faɗa ba.

Ƙanena mai karatun kwamfuta ne ya saka mini wata buɗaɗɗiyar manhaja. Da yake lasisinta ya yarda kowa ya kwafi lambobinta ya yi mata kwaskwarima, sai ga rassanta, wato irin waɗannan kwafe-kwafen, birjik a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu. Na gwada uwar, wato manhajar ta asali, da rassa biyu. Su ukun injinsu ɗaya ne, llama.cpp, wanda Georgi Gerganov ɗan Bulgeriya ya fara a 2023. Bambancin yana ga rigar da aka saka masa.

Reshen farko ya ɗauki hankalina sosai: yana sauraron murya, yana karanta PDF, ga maɓallai kamar gaban jirgi. Mako biyu ina ta yabonsa. Ran nan na sauko da sabuwar ƙwaƙwalwa, wato fayil ɗin da ke ɗauke da ilimin da mataimakin ke amsawa da shi, nau'in GGUF mai giga huɗu da ɗoriya, wanda sai da na kwana ina jira, sai reshen ya ce shi bai san wannan ba. Ga wata Hajiya zaune a kan benci da takardar neman tallafin ƙungiyarsu.

"Malam, ko in je in dawo ne?"

"Yi haƙuri Hajiya, yanzun nan."

Da hannu na ƙarasa mata. Da dare ƙanena ya buɗe shafin reshen ya ce, "Yaya, dubi nan." Mutum ɗaya ne ke riƙe da shi, kuma rabonsa da taɓa shi wata bakwai. Ƙorafe-ƙorafe sun taru, babu amsa ko ɗaya. Injin ya yi gaba, reshen yana nan inda aka bar shi. Ban ga laifin bawan Allahn ba, kyauta yake yi, amma ni da wannan nake ciyar da iyali.

Reshe na biyu ba shi da ado, an zubar masa da kaya don ya yi sauƙi. Laftof ɗina tsohuwa ce, ram ɗinta giga 8, kuma da ƙaramar ƙwaƙwalwa mai giga biyu yana amsawa ba tare da fanka ta yi ta kuka ba. Idan aka ɗauke wuta batir yana ɗan jimawa. Sai dai ba ya karanta takarda, dole ka kwafa ka liƙa.

Ba na cewa reshe ba ya fin uwa. LibreOffice da nake buga takardu da ita reshe ce, daga OpenOffice ta ɓalle a 2010, kuma yau ita ce a gaba, don jama'a ne suka bi ta da yawa. A nan kuwa jama'ar na wajen uwar: ana gyara ta a kai a kai, ka yi tambaya a amsa maka.

Hausarsu dai duka ba ta nuna ba, kuma wannan daga ƙwaƙwalwar ne, ba daga manhajar ba. Ban ba su wasiƙar Hausa.

Yanzu uwar ce a kwamfutar shago, ƙaramin reshen a laftof don ranar da babu wuta. Na farkon na goge shi tun a daren.