Sharhi: famfon ko-ta-kwana mai batir a ɗakin ƙarƙashin ƙasa

Babban famfon da ke zuƙe ruwa daga ramin da ruwa ke taruwa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa da lantarki yake aiki, kuma ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ita ce ranar da aka fi ɗauke wuta. Don wannan rana aka yi famfon ko-ta-kwana. Na gwada shi, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma fa sai an girka shi daidai.

A kwalin akwai ƙaramin famfo mai volt 12, caja mai ƙararrawa, makunni mai tasowa da ruwa, da akwatin batir. Batirin kansa galibi daban ake saya, kuma nan ne mutane suke yin kuskure. Batirin mota bai dace ba, domin an yi shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi, idan aka riƙa tatse shi ƙarƙaf sai ya mutu da wuri. A nemi wanda ke jure tatsa, kamar rufaffen batiri nau'in AGM mai 100Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batiri ke ajiyewa). Famfon da ke jan amp 10 zai yi awa 10 a lissafin takarda, a aikace kuwa bai kai haka ba. Sauƙin abin shi ne famfon ba ya aiki babu tsayawa, yana tashi ne ya kwashe ya huta, don haka batirin yakan ja lokaci sosai.

Wajen girkawa, makunnin ƙaramin famfo ya zauna sama da na babban famfo da 'yan santimita, don kada ya tashi sai babban ya gaza. Idan ramin matsattse ne, a ɗaure wayoyi jikin bututu tsaf. Waya ɗaya da ta sarƙe makunni ta isa ta hana famfon motsi, ruwa yana hawa.

Bututun fitar ruwa yawanci na robar PVC ne mai inci 1.5, ana haɗa famfunan biyu da mahaɗa mai siffar Y. Kowane famfo da nasa bawul mai hana ruwa komawa. In babu shi, ƙaramin zai tura ruwa ya bi ta cikin babban ya dawo ramin, batiri na ƙarewa a banza. Sai kuma ɗan hujin nan da ake yawan mantawa: a huda bututu kamar milimita 5 tsakanin famfo da bawul, a cikin ramin, don iska ta samu mafita. Ba tare da shi ba za ka ji inji na kuka, ruwa ko gezau.

Abin da bai yi mini ba shi ne ƙarfin ƙaramin famfon bai kai na babban ba, kuma yana raguwa gwargwadon tsayin da zai ɗaga ruwa. A duba abin da yake fitarwa a tsayin mita 3, ba babbar lambar da ke gaban kwali ba.

Batirin yakan yi shekara 3 zuwa 5. A ɗora shi kan wani abu mai tudu, a goge farin garin da ke taruwa a kawunansa, in mai ruwa ne a ƙara masa tataccen ruwa (distilled water) kawai. Duk bayan wata uku a zare filogin babban famfo, a juye bokiti biyu ko uku a ramin, a tsaya har ƙararrawa ta yi ƙara ruwan ya sauka, sannan a mayar da filogin.