Dillalin da ya nemo min gida a Birnin Kebbi, abin da na gani

In dai tiransifa aka yi maka zuwa Birnin Kebbi kuma ba ka san garin ba, gaskiya ka nemi dillali ɗan gari, kar ka tsaya kan hotunan da ake turowa a waya. Wanda ya yi min aiki dattijo ne, wani abokin aikina ya haɗa mu, ba zan kama sunansa ba don ban nemi izininsa ba, amma aikinsa na yaba, duk da akwai inda raina ya sosu kuma zan faɗa.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai ɗauke ni ya fara zagaye da ni ba. Sai da ya zaunar da ni a benci ƙofar shagonsa ya tambaye ni ina ne ofis, da iyali zan zo ko ni kaɗai, yara nawa ke makaranta, ina da mota ko kabu-kabu zan riƙa hawa (a nan haka suke kiran acaɓa, mu da muka taso Kaduna sai da kunne ya saba). Ni kuma kaina ya riga ya tafi Gesse saboda kowa Gesse yake ce min, unguwar ma'aikata ce, ga tsari ga gidajen zamani, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru a kusa. Da ya ji aikina ta hanyar Kalgo yake sai ya girgiza kai ya ce "Yallaɓai Gesse na da kyau amma wanga gida da kaka so ba naka na ba, kuɗin mai za su cinye ka." Ya ce in fara lissafin tafiyar safe da yamma sau biyar a sati, da kai yara da ɗauko su, kafin in kalli fenti.

Kuma wallahi gaskiyarsa ne, garin in ka kalle shi kamar ƙarami amma wuraren aikin a warwatse suke. Sakatariya tana Gwadangaji, filin jirgi na Sir Ahmadu Bello yana can Ambursa hanyar Argungu, jami'ar tarayya da aka kafa a 2013 mazauninta na dindindin yana hanyar Kalgo zuwa Bunza, Kalgon ma ƙaramar hukuma ce daban, asibitin Sir Yahaya kuma yana cikin gari. To mai aiki a Ambursa da mai aiki a Kalgo ai ba unguwa ɗaya ta dace da su ba ko da albashinsu ɗaya ne.

Inda na ƙara yarda da shi wajen duba gidan ne. Duk gidan da muka shiga shi ba falo yake fara nuna min ba, famfo yake fara murɗawa, in ruwa bai zo ba ya fita ya tambayi maƙwabta ko akwai bohol a layin, 'yan ga-ruwa nawa suke sayar da kura. Sannan ya ɗaga kai ya kalli silin. Akwai wani fulat mai kyau da na so ƙwarai, tayil har bango, sai ya sa hannu ya taɓa bangon ɗakin kwana wajen la'asar ya ce in taɓa, zafi rau kamar bayan tukunya, ɗakin yamma yake kallo, rufin kwano ga shi ƙasa-ƙasa ba bishiya ko ɗaya a tsakar gidan. Ya ce yanzu ma da sauƙi, bari Maris da Afrilu su shigo. Wanda bai yi bazara a Kebbi ba ba zai gane ba, zafi na wuce digiri 40 kuma in aka ɗauke wuta da dare sai dai a fito da tabarma waje, saboda haka gidan da ba shi da tsakar gida ko baranda da iyali za su sha iska ni dai yanzu ko kyauta sai na yi tunani. Ya kuma sa na tambayi ko mita mai kati ce ko bil ake kawowa, kuma ko akwai tsohon bashin wuta da wanda ya tashi ya bari, don sabon ɗan haya ake maƙala wa.

Sai maganar damina. Mun shiga wasu lunguna a Badariya da Bayan Kara, haya da ɗan sauƙi, ɗaki da falo mai kyau, amma ya nuna min shatin ruwa a jikin katanga wajen gwiwa, ya ce ba duk unguwar ba ce, layi-layi ne, wani kan tudu yake wani kwari, amma in ka zo da rani ba za ka taɓa sani ba sai Agusta ta yi. Cikin tsohon gari kuma wajen Shiyar Fada da Makerar Gandu akwai jama'a da zumunci, masallaci da makarantar allo a ƙofar gida, kasuwa kusa, sai dai yawanci gidajen gado ne, samun gida kai kaɗai da wurin ajiye mota da wuya.

To yanzu inda bai kyauta ba. Lokaci dai ba ya cika shi, ya ce ƙarfe tara sai ka gan shi sha ɗaya saura, ni kuma izini na ɗauko daga ofis. Sannan kuɗin duba gida, kullum muka fita sai an sa wa mashin mai, ban ƙi ba, amma bai faɗa min tun farko ba sai da muka dawo, kuma yaronsa ma ya tsaya yana jiran nasa. La'ada kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara ya karɓa, wannan kam haka ake yi kusan ko'ina, amma da aka zo biya sai ga wani wai shi ma dillalin mai gida ne yana son rabonsa, sai da na tsaya kai da fata na ce su raba abin da na riga na bayar tsakaninsu. Ya kamata a ce shi ya kashe wannan maganar kafin ta iso gabana.

Rasit da takardar yarjejeniya kuwa bai yi wasa da su ba, ya kai ni gaban mai gidan da kansa, aka rubuta wa zai gyara famfo wa zai kwashe masai, da ranar da haya za ta ƙare, shaidu suka sa hannu. Ya ma ba ni shawara in fara zama ni kaɗai a masauki ko wajen abokin aiki na ɗan lokaci kafin in kwaso iyali, in biya shekara ɗaya kawai ko da mai gida ya ce zai rage in na biya biyu. A ƙarshe gidan da na kama yana ta ɓangaren da ke fita Kalgo, tsohon gini ne fentinsa ya koɗe, amma akwai bohol, akwai dalbejiya biyu a tsakar gida, Islamiyyar yara da ƙafa suke zuwa. In za ka yi aiki da shi ko wani irinsa, ku yi maganar kuɗin mai da la'ada tun a benci kafin ku hau mashin, ka kuma ce masa da la'asar kake son ganin gidan.