Yawon tarihin zuwan Faransawa Masar: ra'ayina akan ɗan jagoran nan

Ƴan uwa ɗalibai na Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar ƴan ƙasashen waje a Alƙahira, sun dame ni da tambaya akan yawon tarihin nan da wani saurayi Bamisire yake shiryawa ran asabar, wai ya cancanci kuɗinsa ko kuwa. Amsa a taƙaice eh ya cancanta, amma akwai inda ni da shi muka raba gari kuma zan faɗa. Kuɗin ba wani mai yawa bane, bai wuce na koshari (abincin nan na Misrawa mai araha) faranti uku ko huɗu ba, sannan in kun haɗa kai kuna da yawa yana ragi. A ƙafa ake yawancin tafiyar dan haka kada wanda ya saka takalmin gayu.

Daga unguwar Sayyida Zainab ake farawa, gidan Sinnari, wanda wani Ibrahim Katkhuda ɗan asalin Sinnar ta Sudan ya gina a 1794. Lungun gidan har yau sunan Monge yake amsawa, ɗaya daga cikin masana sama da 150 da Napoleon ya kwaso tare da sojojinsa wajen dubu 35 lokacin da ya sauka kusa da Iskandariyya ran 1 ga Yulin 1798. A gidan aka sauke wasu daga cikin masu zane da bincike. Tsakar gidan akwai sanyi wlh ko da rana ta take, ga tagogin katakon nan masu sassaƙa da suke cema mashrabiyya, a nan ya zaunar damu yayi mana shimfiɗa, yaƙin Imbaba na 21 ga Yuli inda aka fatattaki Murad Bey da Ibrahim Bey, shugabannin Mamluk masu mulkin Masar a lokacin, da yadda ko sati biyu ba'a yi ba Nelson na Ingila ya ragargaza jiragen ruwan Faransa a Abu Ƙir, suka wayi gari ba hanyar komawa gida. Mutumin ya iya bada labari gaskiya, kuma da muka roƙe shi ya rage ammiyya, Larabcin gargajiya na Misrawa, sai ya koma fusha, Larabcin littafi, ba tare da ya ɓata rai ba, wannan kaɗai ya sa na ƙara masa maki.

Abinda yafi burge ni shine ya zo da kwafin takardar shelar da Napoleon ya sa aka buga da Larabci, wadda ta fara da bismillah, tana cewa wai su Faransawa ma musulmi ne na gaskiya kuma sun zo ne su ceci mutanen Masar daga zaluncin Mamluk. Ya miƙa mana mu karanta da kanmu, sannan yace marubucin tarihi Shehu Abdurrahman Aljabarti da ya ga komai da idonsa ya bi takardar nan layi layi yana fito da kurakuran nahawunta da ƙaryar da ke ciki. Ɗan uwana na kulliyyar lugga, wato tsangayar harshen Larabci, har ya kama kuskure tun kafin a nuna masa.

Da muka iso Azhar kuwa sai jikin kowa yayi sanyi. Kullum muna shiga masallacin nan muna fita amma wlh da yawanmu bamu san abinda ya faru a cikinsa a Oktoban 1798 ba. Mutanen gari sun tayar da bore ran 21 ga wata saboda haraji da wulaƙanci, aka kashe janar Dupuy, sai Napoleon ya sa aka kafa igwa daga saman tuddai aka dinga yiwa unguwar ruwan wuta, bayan nan sojoji suka shiga masallacin akan dawakai suka ɗaure su ta wajen alƙibla, suka fasa fitilu da akwatunan ɗalibai, suka watsar da littattafai da Alƙur'anai a ƙasa suna takawa. Ya tsayar damu a tsakiyar harabar, ƙafarmu ba takalmi akan marmara, yana nuna mana ƙofa da hannu. Mutumin da watanni uku baya yake fara takarda da bismillah kenan fa. Ni dai ban iya cewa komai ba.

To ga inda muka saɓa. Bayan duk wannan sai ya rufe da cewa duk da haka Faransawa ne suka farkar da Masar daga barci, su suka kawo injin ɗab'i da ilimin zamani. Nace masa ya ustaz a yi adalci mana, injin da suka zo dashi ai takardun umarninsu suke bugawa, kuma maɗaba'ar da ta amfani Misrawa ita ce ta Bulaƙ wadda Muhammad Ali Basha mai mulkin Masar ya kafa bayan tafiyarsu da kusan shekara 20. Manyan littattafan bayanin Masar da masanansu suka rubuta a Faris aka fara buga su a 1809, da Faransanci, dan mutanensu. Ba wai ina musun aikin da suka yi bane, amma wanda aka rusa gidansa da igwa ba'a tambaye shi ko yana son wannan farkawar ba. Ya saurara, bai yarda dani gaba ɗaya ba, bai kuma yi fushi ba.

Sai kuma gaggawar da yayi a ƙarshe, dan yana da wasu baƙin da yamma. A Azbakiyya inda Sulaiman Alhalabi, ɗalibin Azhar ɗan Halab, ya daɓawa janar Kléber, magajin Napoleon a Masar, wuƙa ran 14 ga Yunin 1800, a tsaye a bakin titi cikin hon ɗin motoci yayi bayanin, rabi bamu ji ba. Alhali yaron nan an ƙona hannunsa aka tsire shi da ransa, aka fille kan abokansa uku na Azhar, ƙoƙon kansa kuma aka tafi dashi Faris. Wannan ba labarin da za'a bada a guje bane. Tafiyar yaƙin da Napoleon yayi zuwa Sham a 1799 ma ko ambatonta baiyi ba sai da aka tambaya, ga kisan dubban fursunoni a Yafa, ga annobar da ta kama sojojin, ga Akka inda gwamnanta Ahmad Basha Aljazzar ya tsaya musu har suka juyo. Bayanta ne Napoleon ya sulale ya koma Faransa a Agusta ya bar rundunar, su kuma suka miƙa wuya a 1801.

In zaku je ku zaɓi ranar da bashi da wasu baƙin, ku gaya masa tun a waya kuna son bayanin Yafa da Akka da kuma zama na sosai akan Alhalabi. Ku riƙo ruwa, ƴan uwa mata kuma akwai wajen hutawa a gidan Sinnari da Azhar amma tsakani babu.